Lamba ɗaya, izini biyar: muhawara kan dunƙule tutoci a cikin bit da warware su

Hajara: Assalamu alaikum, 'yan uwa. An damƙa mini kula da manhajar wata makaranta mai zaman kanta a nan Unguwar Rimi. Da yaren shirya manhaja na PHP aka rubuta ta, bayananta kuma suna cikin rumbun bayanai na MySQL. A teburin ma'aikata akwai gurbi guda mai suna izini, kuma abin da ke cikinsa lamba ce kawai: wani malami yana da 3, wani 11, jami'in jarrabawa 13, mai karɓar kuɗi 17, shugaban makaranta 31. Wanda ya rubuta manhajar ya bar wani ɗan fayil inda ya nuna cewa duba sakamako 1 ne, shigar da maki 2, gyara maki 4, buga katin sakamako 8, karɓar kuɗin makaranta 16. Yanzu ana son a ƙara izini na shida, na tura saƙo ga iyayen yara. Ina roƙon a fahimtar da ni yadda lamba ɗaya take ɗaukar izini biyar, da lambar da ta kamata in ba sabon, da kuma ko ya dace in ci gaba da wannan tsari.

Nura: Wa alaikumus salam, Anti Hajara. A ganina tarawa aka yi, domin 13 ita ce 8 da 4 da 1, 17 kuma 16 da 1. Ke nan idan za ki ba mutum izini sai ki ƙara lambar izinin a kan tasa, idan za ki karɓe sai ki debe. Sabon izinin kuma 32 zai ɗauka, tunda kowace lamba ninki biyu ce ta wadda ta gabace ta.

Malam Bashir: Nura, ka gano rabin maganar, amma shawarar ƙarawa da debewa tana da haɗari, kuma lambobin Malama Hajara sun isa su nuna hakan. Jami'in jarrabawa yana da 13, wato yana da izinin gyara maki tun farko. Idan wani ya sake danna maɓallin ba shi wannan izini, manhaja ta ƙara 4, lambarsa za ta koma 17. To, 17 ita ce 16 da 1. Mutumin ya rasa gyara maki, ya rasa buga kati, ya kuma wayi gari da ikon karɓar kuɗin makaranta, ba tare da manhajar ta nuna wata alamar kuskure ba. Debewa ma haka take: malamin da ke da 11 ba shi da izinin gyara maki, amma idan aka debe masa 4 zai koma 7, wadda ita ce 4 da 2 da 1, sai ya zamana yunƙurin hana shi gyara maki shi ne ya ba shi.

Asalin abin yana ga yadda kwamfuta take ajiye lamba. Da tushe biyu take ƙirga, kowane gurbi ko dai sifili ko ɗaya, shi ne ake kira bit. Gurbin farko daga dama darajarsa 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8, na biyar 16. Don haka 13 a wurinta 01101 ce, 17 kuma 10001, 31 kuma 11111. Ki ɗauke su tamkar makunnan wuta biyar a jere a bango, kowanne da ɗakin da yake haskawa. Dalilin da ya sa aka zaɓi 1, 2, 4, 8, 16 shi ne kowace ɗaya a cikinsu bit guda tak take kunnawa, saboda haka babu haɗin izini biyu da zai ba da lamba iri ɗaya. Bit biyar suna ba da yanayi 32, daga 0 zuwa 31.

Kowane bit da ke wakiltar izini ɗaya ana kiransa tuta, kuma ayyukan da ake yi wa irin wannan lamba huɗu ne. Kunna tuta da OR ake yi, alamarsa `|`: `13 | 2` zai ba da 15, `13 | 4` kuwa zai bar ta a 13 ko sau nawa aka maimaita. Duba tuta da AND ake yi, alamarsa `&`: `13 & 4` zai ba da 4, alamar akwai izinin, `13 & 2` zai ba da 0, alamar babu. Kashe tuta kuma sai an fara juya lambar tutar da alamar `~`, wadda take mayar da kowane sifili ɗaya, kowane ɗaya sifili, sannan a yi AND: `13 & ~4` zai ba da 9, `11 & ~4` zai bar ta a 11. Na huɗu shi ne XOR, alamarsa `^`, mai juya tuta daga halin da take ciki: `13 ^ 4` ya ba da 9, `9 ^ 4` ya dawo da 13. Wannan na ƙarshe ba na son ganinsa a sha'anin izini, domin dannawa biyu ta kuskure tana mayar da abin da aka karɓe.

Hajara: Na gode, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na gwada `decbin(13)` a PHP, umarnin da ke nuna lamba a tushe biyu, ya ba ni 1101, yanzu ina ganin abin da idona. Sai dai shafin da ake gyara maki tare da buga kati yana buƙatar izini biyu a lokaci guda. Yaya ake duba su tare?

Malam Bashir: Ki haɗa su da OR tukuna, `4 | 8`, ki sami 12, sannan ki rubuta `($izini & 12) === 12`. Kada ki wadatu da cewa sakamakon ya wuce sifili. Mai lamba 9 yana da buga kati amma ba shi da gyara maki, kuma `9 & 12` zai ba da 8, wadda ta wuce sifili amma ba ta kai 12 ba. Tambayar "yana da ɗaya daga ciki?" daban, tambayar "yana da dukansu?" daban.

Ki kuma lura da bakan da na kewaye AND da su. A yaren C alamar daidaito tana riga `&` aiki, kuma PHP da JavaScript sun gaji wannan tsari. Idan aka rubuta `$izini & 4 == 4` babu baka, kwamfuta za ta fara duba ko 4 daidai take da 4, ta sami gaskiya, ta ɗauke ta a matsayin 1, sannan ta yi AND da 1. Abin da aka duba a ƙarshe shi ne izinin duba sakamako, wanda kusan kowane ma'aikaci yake da shi, sai ƙofar gyara maki ta buɗe wa kowa. Java da C# suna ƙin karɓar irin wannan layi tun kafin manhaja ta tashi, Python kuma ta sa `&` gaba da daidaito, amma PHP shiru za ta yi. Ina ba ki shawarar ki bincika duk inda alamar `&` ta fito a manhajar kafin ki ƙara komai.

Zainab: Bayanin Malam ba shi da gyara, amma tambayar Hajara ta uku ba a taɓa ta ba, kuma a nan ne nake da ja. Ni ban ga dalilin dunƙule izinin ma'aikata a lamba ɗaya cikin rumbun bayanai ba. An ƙirƙiri wannan dabara ne a lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta take da tsada ƙwarai, yau kuwa teburin ma'aikatan makaranta bai kai girman hoto ɗaya na waya ba. Abin da ake biya a madadin wannan tsimi yana da yawa. Duk wanda ya buɗe teburin ya ga 13 sai ya nemo wani fayil kafin ya san ma'anarta. Fihirisar da MySQL take ginawa a kan gurbi don saurin bincike bisa jerin girman lambobi take, don haka ba ta taimaka wa tambaya irin `WHERE (izini & 4) <> 0`, dole a bi layukan teburin ɗaya bayan ɗaya. Babban abin da ya fi damuna shi ne bit ba ya riƙe tarihi. Ranar da uba ya zo yana cewa an canza makin ɗansa, shugaban makaranta zai tambayi wanda ya ba malamin izinin gyara maki da ranar da aka ba shi, kuma lamba 13 ba ta da amsa. Tebur na daban, mai layi ɗaya ga kowane izinin kowane ma'aikaci, da sunan wanda ya bayar da kwanan wata, shi ne ya dace da wannan aiki.

Injiniya Yakubu: Malama Zainab, ina tare da ke a kan rumbun bayanai, amma cewa zamanin dabarar ya wuce ban yarda ba. Muna haɗa na'urorin sarrafa famfon burtsatse mai aiki da sola a Barnawa, kuma da yawansu a kan ƙaramin allon lantarki mai suna Arduino Uno suke. Guntun da ke cikinsa, ATmega328P, kilobait 2 ne kacal yake da shi na ƙwaƙwalwar aiki. A can ko ba ka so sai ka yi hulɗa da bit, domin ƙafafun guntun a cikin rajista, wato ƙaramin ma'aji mai bit takwas, aka jera su. Ƙafa ta 13, wadda ƙaramar fitilar allon take kanta, ita ce bit mai lamba 5 a rajistar PORTB, idan aka fara ƙirga daga sifili. Kunna ta shi ne `PORTB |= (1 << 5)`, kashe ta `PORTB &= ~(1 << 5)`, wato dai abin da Malam ya bayyana. Alamar `<<` tura ɗaya take yi zuwa hagu, kowace turawa tana ninka lambar biyu, shi ya sa `1 << 5` ta zama 32. Idan kuma na'urar za ta aiko da rahoto ta layin waya daga ƙauye, halin tanki da batir da famfo da faifan sola duk suna shiga bait ɗaya, wato bit takwas.

Intanet ɗin da muke wannan magana a kai ma haka yake tafiya. A ƙa'idar TCP ta musayar saƙo tsakanin kwamfutoci, wadda aka wallafa a 1981, kowane ƙunshin saƙo yana ɗauke da tutoci: FIN 1, SYN 2, RST 4, PSH 8, ACK 16, URG 32. Amsar da saba, wato kwamfutar da ake tuntuɓa, take bayarwa idan ana buɗe haɗi SYN ce da ACK tare, wato 18.

Nura: Injiniya, ke nan `chmod 755` da muke rubutawa a Linux shi ma wannan ne?

Injiniya Yakubu: Shi ne, izinin fayil yake saitawa. Karantawa 4, rubutawa 2, zartarwa 1. Lambar farko ta mai fayil ce, 7 tana nufin duka ukun. Ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta sauran jama'a, 5 kuma karantawa ce da zartarwa. Bit tara ne aka kasa uku-uku, shi ya sa ake rubuta su da tushe takwas, inda kowace lamba ɗaya take wakiltar bit uku daidai. Daga Unix aka gaje shi, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969.

Malam Bashir: Tunda an shiga Unix, akwai tarko guda a can da ya shafi Malama Hajara. A Linux, tutar buɗe fayil don karantawa kawai, `O_RDONLY`, darajarta sifili ce, `O_WRONLY` 1, `O_RDWR` 2. Duk abin da aka yi wa AND da sifili sifili zai ba da, don haka ba a iya duba ta yadda ake duba sauran tutoci. Sai an tace bit biyun ƙasa da `O_ACCMODE` sannan a kwatanta. Abin da za a ɗauka a nan shi ne kada a ba wani izini lamba sifili. A bar ta ga wanda ba shi da izini ko ɗaya.

Game da jan Malama Zainab kuwa, hujjar fihirisa ba ta da nauyi a makarantar da ma'aikatanta ba za su wuce 'yan gommai ba, domin bin irin wannan tebur layi-layi bai kai ƙiftawar ido ba. Hujjar tarihi ita ce mai ƙarfi, amma ana iya biyan wannan buƙata da tebur mai rubuta kowane canji, tsohuwar lamba da sabuwa da wanda ya canza, ba tare da an rushe abin da ke aiki ba. Manhajar da ke riƙe da makin yara ba a yi mata tiyata a tsakiyar zango.

Zainab: Na karɓi wannan a matsayin maganin wucin gadi, Malam, da sharaɗi biyu. Na farko, kada a bar lambobi tsirara a cikin manhaja. A ba kowace tuta suna a wuri ɗaya, kamar `const GYARA_MAKI = 1 << 2`, domin mai karatu ya ga suna maimakon 4. PHP da kanta haka take yi: `E_ALL & ~E_NOTICE` da ake rubutawa a saitin nuna kurakurai kashe tuta ce mai daraja 8. Python ta kawo `Flag` da `IntFlag` a sigarta ta 3.6 a 2016, C# tana da alamar `Flags`, `EnumSet` na Java kuma a ciki bit yake amfani da su amma sunaye yake nuna wa mai rubutu. Na biyu, canjin ya faru a cikin rumbun bayanan kansa, wato `UPDATE ma_aikata SET izini = izini | 4 WHERE id = 7`. Idan manhaja ta karanto lambar, ta canza ta, sannan ta mayar, mutum biyu da suke gyara izinin ma'aikaci ɗaya a lokaci guda ɗayansu zai shafe aikin ɗan'uwansa, ko da izinin da suka taɓa daban-daban ne, tunda duk a gurbi ɗaya suke.

Sadiq: Ina aiki a ɓangaren na'urorin POS, kuma ina so in ƙara abu biyu. Saƙon da na'urar take aikawa idan an saka kati yana bin ƙa'idar ISO 8583. Bayan lambar nau'in saƙo akwai taswira mai bit 64, kowane bit yana faɗin ko wani fili yana cikin saƙon: fili na 2 lambar kati, na 3 lambar nau'in ciniki, na 4 adadin kuɗi, na 7 lokacin aikawa. Bit na farko kuma yana nuna ko akwai taswira ta biyu mai ɗauke da fili na 65 zuwa 128. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne daga hagu ake ƙirga a nan, kuma daga 1 ake farawa, saɓanin lissafin Injiniya da ke farawa daga dama da sifili. Saƙon da ke da fili na 2 da 3 da 4 da 7 bait ɗinsa na farko 01110010 ne, wanda ake rubutawa 72 a tushe goma sha shida. Wanda ya karanta shi daga dama zai nemi filayen da babu su. Saboda haka duk mai warware lambar da wani ya dunƙule, ya fara tabbatar da gefen da aka fara ƙirga.

Na biyu ya shafi Hajara idan shafinta yana duba izini da JavaScript. Alamomin bit a yaren nan suna mayar da lamba mai bit 32 kafin su yi aiki, kuma bit na ƙarshe shi ne alamar lamba mai ƙasa da sifili. Don haka `1 << 31` yana ba da -2147483648, `1 << 32` kuma yana komawa 1, wato tuta ta talatin da uku za ta hau kan ta farko. PHP a na'ura mai bit 64 ba ta da wannan iyaka a 32, sai saba da shafi su riƙa ba da amsa daban a kan lamba ɗaya. Maganinsa `BigInt`, wanda ya shiga ƙa'idar yaren a 2020, tare da aika lambar a matsayin rubutu a cikin JSON, tsarin da saba da shafi suke musayar bayanai da shi, domin lambar JavaScript ta yau da kullum tana fara rasa daidaito bayan 9007199254740991. Da izini shida tana nesa da wannan matsala, amma a nan ne iyakar tsarin take.

Injiniya Yakubu: Iyaka kam tana nan a duk inda aka dunƙule. Tsarin FAT na katin memori da filashi yana ajiye kwanan watan fayil a bit 16: bakwai na shekara, ana ƙirgawa daga 1980, huɗu na wata, biyar na rana. Ranar 1 ga Oktoba, 2020 tana zama `(40 << 9) | (10 << 5) | 1`, wato 20801. Don fito da watan sai a tura dama a tace, `(20801 >> 5) & 15`, a sami 10. Bit bakwai ba sa wuce 127, shi ya sa kalandar FAT take ƙarewa a 2107.

Hajara: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Malam na duba teburin gaba ɗaya, sai na tarar da ma'aikata biyu masu lamba 45. Idan na warware ta, 32 ce da 8 da 4 da 1, alhali babu 32 a fayil ɗin da aka bar mini. Yaya zan yi da ita, tunda ita ce nake shirin ba sabon izinin?

Malam Bashir: Kada ki ba shi 32. Akwai alamar wani tsohon izini ne da aka cire daga manhajar aka bar sawunsa a rumbun bayanai. Idan kika ɗora tura saƙo a kan wannan bit, waɗannan mutum biyu za su sami ikon aika wa iyayen yara saƙo ba tare da kowa ya ba su ba, haka ma duk wanda za a dawo da lambarsa daga tsohon kwafin ajiya. Ki ba sabon 64, ki rubuta a fayil ɗin sunayen cewa 32 ta yi ritaya kuma ba a sake amfani da ita. Umarnin `WHERE (izini & ~31) <> 0` zai fito miki da duk layin da ke ɗauke da bit ɗin da ba ki sani ba. Ki kuma duba nau'in gurbin, domin idan TINYINT ne mai karɓar lambobin ƙasa da sifili, a 127 yake tsayawa, wato 64 ita ce tuta ta ƙarshe da zai iya ɗauka.

Zainab: Wannan 45 ɗin ita ce hujjata, Malam. Da tebur ne mai sunayen izini, da Hajara ta karanta sunan tsohon izinin kai tsaye maimakon ta tsaya hasashe. Na yarda ta yi amfani da 64 a wannan zangon, amma ina ganin hutun ƙarshen shekara ya kamata a yi ƙaura zuwa irin wannan tebur. Aikin bai da yawa: ga kowane ma'aikaci a bi tutocin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda AND ya nuna tana kunne a rubuta mata layi a sabon tebur, a bar tsohon gurbin yana nan har sai an kwatanta sakamakon biyun an ga sun dace.

Hajara: Zan ɗauki 64, in mayar da gurbin INT mai ɗaukar manyan lambobi, in kuma ƙara teburin tarihin canji a wannan makon. Batun ƙaura zan kai wa shugaban makaranta, tunda shi ne zai amince da lokacin. Abin da ban yanke ba shi ne ko in kashe 32 ɗin a layukan nan biyu yanzu, ko in bar ta.

Malam Bashir: Ki bar ta har sai kin bincika ko akwai wani shafi ko rahoto da yake duba ta. Ki nemi 32 a cikin fayilolin, ki nemi `0x20`, wato 32 a tushe goma sha shida, ki kuma nemi `1 << 5`, domin duk ukun lamba ɗaya ce.